Anshin da Kawu Ya Sayo Mini Daga Lome

Inna Tsahara, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin a raba ni da abin da na fi so a duniya bayan iyalina. Na daɗe ina karanta filinki, na kuma san rigimar aure da ta gado aka saba kawo miki. Tawa a kan wani ɗan guntun kara ce da bai fi tsawon yatsa ba. In kin yi dariya ba zan ga laifinki ba, don matata ma ta yi, sai da ta ga jini a leɓena ta daina.

Ni mazaunin Tsibiri ne. Da damina ina noman gero kamar kowa, da rani ina gyaran rediyo a wata 'yar rumfa bakin hanya, amma a zuciyata ni mai busa sakso ne, kakakin nan na Turawa mai lanƙwasa. Tun zamanin Samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, na koya, wajen wani tsoho da ya taɓa busa a soja, Allah ya jiƙansa. Bayan Taron Ƙasa Samariya ta watse, kayan kiɗanta ma suka bi ta, sai muka haɗa 'yar ƙungiyarmu a Maraɗi ƙarƙashin shugabanmu Gado, mai buga orgi, wato piyanon lantarki. Muna zuwa biki, muna zuwa suna, yanzu kuma da jam'iyyu suka yi yawa muna zuwa mitin. Wanda ya kira mu yau, gobe abokin hamayyarsa ne zai kira mu, mu dai namu busa.

Ban sani ba ko kin taɓa riƙe sakso, bari in ɗan yi bayani. A bakinsa, wanda muke ce wa bek, ana ɗaura wani siririn kara da aka fere tsininsa kamar farce, sunansa anshi. Shi ke kaɗawa in an hura, shi ke ba da muryar. Daga Turai ake kawo shi cikin ƙaramin kwali, kowane da lamba a bayansa. Tsohon da ya koya mini miƙo mini kawai yake yi, ban taɓa tambayarsa ma'anar lambar ba. Da na fara saye da kaina, sai in nuna tsohon kwali in ce a ba ni irinsa, biyu da rabi. Da shi na yi shekaru ina busa, kuma ba yabon kai ba, in na shiga waƙa a gidan biki mata kan dakata da hira.

Da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, mutumin da ke kawo mana daga Yamai ya daina. Na yi ta lallaɓa na ƙarshen da ya rage mini har ya yi baƙi ya tsage. Har bakin Gulbi na je na yanko gora na fere da kaina, na ɗaura na hura, ya yi kukan agwagwa.

A nan kawuna ya shigo maganar, kuma dole in gaya miki matsayinsa a wurina. Bari in kira shi Alhaji Abdulkarim. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwar shadda da atamfa, yana zuwa Kwatano da Lome. Zuri'armu ta fatauci ce da karatu, ba a san mu da kiɗa ba. Ranar da aka ji ina busa sai da aka tara dangi a kaina. Wasu suka ce na mai da gida na maroƙa, yayana ya daina amsa gaisuwata. Kawu kaɗai ya miƙe ya ce shi bai ga sata ba, bai ga shaye-shaye ba, a ƙyale ni. Sakson da nake riƙe yanzu ma shi ya saya mini bayan na Samariya ya tafi. Har yau in ana taron dangi ana yi masa habaici a kaina, yana shanyewa.

Yana shirin tafiya ya ji ba ni da anshi. Dawowarsa daga Lome sai ya aika a kira ni shagonsa a kasuwa, ya zazzage leda cike da kwalaye a gaban abokan cinikinsa. Ya ce ya sha yawo kafin ya gano shagon da ake sayarwa. Mai shagon ya jera masa lambobi tun daga ƙarama har biyar, shi kuma ya ce ɗan 'yar'uwarsa ba ya amfani da ƙaramar lamba, a kwaso masa na biyar duka. Ya ce shi a shadda ya tsufa, ya san in an jera kaya na sama shi ne na manya. Na durƙusa na yi godiya har da ƙwalla. Kuma har ga Allah, Inna, a lokacin ni ma haka na ɗauka. Na ce a raina ashe duk shekarun nan na 'yan koyo nake busawa ban sani ba.

Na koma gida na ɗaura na farko na hura, iska kawai ke fita kamar ina hura wuta. Sai da na matse shi da haƙora sannan sauti ya fito, shi ma a shaƙe. Muryoyin ƙasa ba sa fitowa sai na yi kamar jijiyar wuyana za ta tsinke, na sama kuma suna haye wa orgi. A wurin gwaji Gado ya ba ni murya in daidaita, in daidaita ɗin, muna shiga waƙa in tsere masa sama. Na ja bek baya a wuyan sakso har ya kusa faɗuwa, sai na ƙasa suka nutse, na sama kuma suna nan inda suke. Wani abin ma, yau anshin ya ɗan yarda, gobe ya ƙi sam. Ni dai a bek nake barinsa a ɗaure, in rufe akwati in ɗaura a bayan moto, wato babur, daga Tsibiri zuwa Maraɗi, wani lokaci in na buɗe in tarar tsininsa ya yamutse kamar busasshen ganye. Na koma tauna goro kafin mu fara ko zan ƙara ƙarfi, anshin ya yi ja, ƙarfin bai zo ba. Leɓena na ƙasa ya tsage ta ciki, har matata Maijidda ta daina sa mini yaji a miya. Duk da haka ina ce wa kaina da sannu zan saba, ai manya ma da haka suka fara.

A Jiratawa asirina ya tonu. Manoman fadama ne suka gayyace mu bikin ɗan ɗaya daga cikinsu, da la'asar, fili cike, har bisa amalanken albasa mutane suka hau. Mawaƙiyarmu Fasuma tun da can da sakso take kama murya, ni ke buɗe waƙa ita ta shigo. Ranar na buɗe sama da inda ya kamata, ta biyo ni, orgi da gita suna can ƙasa, sai waƙar ta rabu biyu. Ta kai inda muryarta ba ta iya kaiwa, ta tsaya cak a tsakiyar baiti, ta juyo ta dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da ya fi ci mini rai, ita jama'a suka yi wa dariya, ba ni ba.

Muka tattara kaya muka rabu. Daga baya Gado ya tako har rumfata a Tsibiri, ya zauna a benci ya ce yana tsammanin ko kunnena ya fara mutuwa ko hankalina ya tafi wani wuri. Ya ce orginsa yana da maɓallin da ke kwaikwayon sakso, ba ya son ya kai ga taɓa shi, amma ƙungiyar nan mutane da yawa ke ci da ita. An kira mu wani babban biki a Maraɗi bayan Babbar Sallah, kuma in ban gyaru ba kafin nan zai ajiye ni. Ban gaya masa zancen anshin ba, don gani nake kamar na kai ƙarar kyautar kawu ne.

Bikin nan kuwa na gidan wani abokin kasuwancin kawu ne. Tuni kawu yana ta gaya wa mutane, har da masu yi masa habaicin, su zo su ji ɗansa yana busa da lamba biyar.

Na gwada kankare ɗaya da reza a tsakiya ko zai yi laushi, ya koma ƙarar ƙudan zuma, muryar kuma ta faɗi ƙasa. Yanzu ban san inda matsalar take ba. Ni ne ban kai matsayin lambar ba? Ko kunnen nawa ne da gaske ya tafi? In kuma anshin ne, da wane baki zan je in ce wa mutumin da ya tsaya mini shi kaɗai a gaban dangi, ya sha yawon Lome saboda ni, abin da ya kawo bai yi ba? Ina jin tsoron a ajiye ni, ina kuma jin nauyin kawu. Ki taimake ni, Inna.

Mai Busa, Tsibiri

AMSA

Ɗana Mai Busa, kwantar da hankalinka, kunnenka lafiyarsa ƙalau. Wanda kunnensa ya mutu ba ya sanin ya kauce. Kai kuwa ka ji ka haye wa orgi, ka ji na ƙasa sun nutse, har ka iya kwatanta mini a takarda. Kuma ka kawo kukanka gidan da ya dace ba ka sani ba. Maigidana Malam Ilyasu sakso ya busa a ƙungiyar busa ta soja har ya ajiye aiki, kofunan shayina kuwa babu wanda bai jiƙa anshi a ciki ba, duk da faɗan da na sha yi. Na karanta masa wasiƙarka. Da na kai wurin lamba biyar sai ya kai hannu ya dafe leɓensa, ya ce shi duk tsawon aikinsa bai wuce uku ba. Abin da zan faɗa maka a kan kara daga bakinsa ne, na mutane kuma nawa ne.

Lambar anshi tauri take nunawa, ba daraja ba. Kamar lambar takalmi ce, kowa da ƙafarsa. Kowane mai busa da irin bakinsa, kowane bek kuma da faɗin ƙofarsa: mai buɗaɗɗiyar ƙofa yana son anshi mai laushi, mai matsattsiya yana ɗaukar mai tauri. Tsohon da ya koya maka ya auna ka ne ya ba ka biyu da rabi, ba raina ka ya yi ba. Kara mai tauri ba ya kaɗawa sai an cije shi, cizon kuma shi ke tura murya sama. Shi ya sa jan bek baya bai yi maka magani ba: ka saukar da sakson gaba ɗaya, haƙoranka kuma suna ta ɗaga rabinsa.

Ka fara hutawa har leɓen ya warke. Ilyasu ya tono ajiyarsa ya samo guda biyu masu lamba biyu da rabi, na haɗo maka su da amsar nan. Ka mai da bek inda yake a da. Ka busa kaɗan sakson ya ɗumama kafin ka daidaita, don ƙarfe mai sanyi yana saukar da murya, in ya yi ɗumi kuma ta hau. Sai Gado ya riƙe maka murya ɗaya a orgi, kai ma ka riƙe ta iya numfashinka, ku bi su ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, kana sassauta muƙamuƙi. Bakinka ya koyi cizo, dole ka sake koya masa saki. A kwanakin farko za ka ji kamar ka yi ƙasa da yawa, kada ka firgita. In ka sami inda bek ya zauna daidai, ka sa alama da biro a wurin.

Kwalayen kawu ba asara ba ne. Waɗanda ba a buɗe ba ka bar su a rufe. Na kwalin da ka buɗe kuwa, ka ɗaga kowane ka duba a haske. Akwai inuwa a tsakiyarsa, ita ce zuciyarsa. Ka zaɓi wanda inuwar ta tashi daidai kamar rufin bukka ba ta karkata gefe ba, jijiyoyin karan a miƙe, launinsa irin na busasshen karan dawa, ba kore-kore ba. Ka jiƙa shi kaɗan a ruwa mai tsabta, ka shimfiɗa sanfefa mafi laushi a kan gilashi, ka goga bayansa a hankali har ya kwanta sumul, amma kada tsinin ya taɓa. Sannan ka kankare kafaɗunsa biyu da reza, kana ja zuwa wajen tsini, ka tsaya kafin ka kai. Zuciyar ba a taɓa ta, ita ka ci a wancan karon shi ya sa ya koma ƙudan zuma. Ƙura kaɗan ta fita, ka ɗaura ka busa, sannan ka sake, don abin da ka kankare ba ya komawa. In kana so ka san kafaɗar da ke da sauran nama, ka karkata bek a bakinka ka danne gefe ɗaya da leɓe ka hura, sannan ka juya. Gefen da ka saki, in ya fito a shaƙe, shi za ka rage. Ilyasu ya ce in gaya maka gaskiya: biyar ba ya zama biyu da rabi, amma mai haƙuri yana kawo shi kusa da uku, kuma sai ka ɓata wasu kafin hannunka ya faɗa.

Akwai kuma abu biyu da kawunka ba shi da hannu a ciki. Karan da aka bari a jiƙe a bek, aka ɗaura a bayan moto rana na dukansa, dole ya yamutse ko wace lamba ce. In ka gama busa ka cire shi, ka goge, ka kwantar da shi a kan ɗan gilashi, ka ɗaure da roba, ka naɗe a tsumma ka sa aljihu. Goron kuma ka bari sai an tashi, ka kurkure baki kafin ka fara. Ka riƙe anshi guda uku ko huɗu kana juya su, sabo kuma kada ka kai shi biki ranar da ka buɗe shi. Ka riƙa busa shi kaɗan-kaɗan a gida har ya zauna, ta haka muryarka ta yau za ta yi kama da ta gobe.

To, mu dawo kan mutane. Gado ba maƙiyinka ba ne. Mutumin da ya tako har Tsibiri ya same ka kai kaɗai, maimakon ya kore ka a gaban 'yan ƙungiya, yana neman dalilin da zai riƙe ka ne, kai kuma ka ɓoye masa dalilin. Ka gaya masa. Fasuma ma ka je ka ba ta haƙuri, ka faɗa mata ba muryarta ce ta gaza ba. Ina jin tun ranar Jiratawa tana can tana zargin kanta.

Kawunka ya yi kuskure, ba zan ƙi faɗa ba. Ya sayi abin da bai sani ba, bai tambaya ba, ya kuma yi shela a kasuwa. Manyan 'yan kasuwarmu suna da wannan halin, in sun ƙware a abu ɗaya sai su auna komai da shi. Amma kuskuren ƙauna ne, kuma ka fi ni sani. Kai ma ka duba inda shirun nan naka zai kai shi. Ranar bikin zai zauna a tsakiyar masu yi masa habaici, ko dai ya ji ka kana shaƙewa a gabansu, ko ya yi ta neman ka cikin makaɗa bai gan ka ba. Kana gudun ɓata masa rai a ɗaki, kana shirya masa kunya a bainar jama'a.

Ka same shi a gida, ba a shago ba, lokacin da babu kowa. Ka tafi da sakson da anshi iri biyun. Ka fara da godiya, don ya cancance ta. Sannan ka gaya masa zancen lambar takalmi, ka ce kai ma da kake busawar ba ka sani ba sai yanzu, kuma gaskiya ce. Ka busa masa da nasa, ka busa masa da naka, ka bar kunnensa ya yanke hukunci. Shi ɗan kasuwa ne, ya san kaya suna komawa in ba su dace da mai su ba. Ka roƙe shi in zai sake tafiya ya koma da rufaffun kwalayen ya gwada musanyawa. Yana iya ɓata rai na ɗan lokaci. Yana iya tambayarka abin da ya hana ka faɗa tun farko har ka bari leɓenka ya tsage, kuma a nan yana da gaskiya, ka sunkuyar da kai ka karɓa.

Kada ka jinkirta. Na sauya sunayen da ka bari, amma masu busa sakso a Tsibiri ba su da yawa, shi ya sa na ba direba amsar nan ya kawo maka tun kafin jarida ta fito. Ka je wurin kawunka ya ji daga bakinka, kada wani ya karanta masa a kasuwa. Ya taɓa tsaya maka shi kaɗai a gaban dangi, wannan karon kai ne za ka tsare masa mutunci.

Allah ya warkar da leɓen, ya daidaita muryarka da ta 'yan'uwanka, ya sa ranar bikin kawunka ya zauna cikin abokansa kansa a ɗage. Ka gaida Maijidda.

Innarka,
Tsahara